Shuɗin Da Ya Ƙi Wankuwa

A cikin sauna, ɗakin wankan tururi, aka haifi Raili, kamar yawancin 'ya'yan ƙauyukan gabashin Finland na zamaninta, domin nan ne ɗakin da ya fi ko'ina tsabta da ɗumi a gida. Uwarta mai yin ƙaho ce. Da kaka, idan an tone dankali an huta, mutanen ƙauye sukan zo su kwanta rubda ciki a kan bencin katako, tururi ya tausasa musu jiki, ita kuma ta tsattsaga bayansu ta kafa ƙahonin saniya. A wurinta Raili ta koyi duban fata: wadda jini ke gudu a ƙarƙashinta, da wadda ta yi sanyi ta yi fari kamar cikin kifi. Uwar ba mai yawan magana ba ce. Dokoki biyu ta bar wa 'yarta: ba a yin rigima a cikin sauna, abin da aka gani ko aka ji a ciki kuma a ciki yake zama.

Tana budurwa ta tafi Outokumpu, garin da ke zaune a kan jan ƙarfe, ta samu aiki a ɗakin girkin ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai. A nan Aulis Mononen ya gan ta. Shi mai fasa dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, dogo, kunnensa ɗaya ya riga ya fara toshewa saboda ƙarar inji. Ya yi hunturu guda yana miƙo mata faranti, ba ya cewa komai sai "ƙara." Da ƙanƙara ta narke, ya tsaya a gaban tukunyar miya, ya dubi bango, ya ce ya sayi fili a bakin tafki, zai gina sauna. Ta gane neman aure ne. Ta ce masa ya samo wa murhun duwatsu masu kyau. Shi ma ya gane an ba shi.

Saunar ya fara ginawa, gidan ya biyo baya. Tun daga lokacin, kowace Asabar da la'asar Aulis yakan hura wuta, su shiga tare, ta cuɗa masa baya ya cuɗa mata. Yana da wurin zamansa a benci na sama, inda yakan miƙe ƙafafu ya ɗora su a kan sandar da ke kare murhu. Aka haifi 'yarsu Satu. Aka rufe ramin, Raili ta koma dafa wa 'yan makaranta abinci, Aulis ya koma jan motar katako, har duka biyun suka yi ritaya. Satu ta girma ta tafi Tampere, tana aiki a kantin kayan shafe-shafe.

Abu ɗaya ne tsufa bai raba Aulis da shi ba: farautar hirvi, ƙaton naman dajin nan mai ƙaho kamar shebur. A ƙungiyar mafarautan unguwa shi ne mai kare. Sauran suna zaune a kan hasumiyar katako da bindiga da filas ɗin kofi, shi kuwa yana ratsa fadama da kurmi a bayan karensa Turre, daga wayewar gari har duhu. Ko da ciwon suga ya kama shi, tafin ƙafarsa ya koma kamar yana taka auduga, bai yarda ya hau hasumiya ba. Asibiti kuwa bai ƙaunar jin sunansa tun abin da ya sami Oiva, abokinsa na rami. Oiva ya tafi da ɗan gyambo a yatsa, ya fito babu ƙafa daga gwiwa, aka kai shi gidan tsofaffi, bai ga narkewar ƙanƙara ba. Darasin da Aulis ya ɗauka shi ne, wanda ya kai wa likita ƙafa ya yi kyauta da ita. Raili ta san Oiva bai je ba sai da gyambon ya yi wari, amma ba ta taɓa faɗa ba.

Da bikin tsakiyar bazara Satu ta zo gida da wata 'yar kwalba. Ta zaunar da uwarta a baranda, ta ɗiga mata ruwan ciki a tafin hannu. Shuɗi ne garau.

Raili ta ce, "Wannan kuma fa? Tawada?"

"Man fuska ne, Mama. Kuparipeptidi."

"Sunan ya fi kwalbar tsawo."

Aulis, da ke gefe yana gasa tsiren nama, ya juyo da kunnensa mai ji, don kupari jan ƙarfe ne a harshensu. "Jan ƙarfe ne a ciki?"

"Ɗan ƙanƙani, Baba, maƙale da wani guntun furotin. Shi ya ba shi wannan launin. Akwai irinsa a jinin mutum tun asali, in an tsufa ya ragu. An ce yana taimaka wa fata ta gyara kanta."

"Na ƙare ƙuruciyata ina haƙo shi, ashe a fuskar tsofaffin mata zai ƙare." Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta sama yana kallo. "A rami, in mutum ya yanke, sai ya wanke wurin da ruwan nan mai tsanwa da ke ɗigowa daga dutse. Ba ya ruɓa. Jan ƙarfe ba ya shiri da ruɓa."

Raili ta ce, "Shi ya sa rabinku ba su da yatsu goma."

Suka yi dariya. Ta ajiye kwalbar a gaban madubi, tana shafawa in ta tuna, don kada Satu ta tambaya ta ji kunya.

Ganye ya fara ja lokacin da ta lura man yana raguwa fiye da shafawarta. Ba ta kawo komai a ranta ba. Sai wata Asabar Aulis ya hura wuta kamar kullum, ya dawo ya zauna ya buɗe jarida.

"Ki fara shiga. Ina zuwa daga baya."

Ta tsaya da tawul a hannu. Tun aurensu bai taɓa faɗin haka ba, ko ranar da suka yi rigima a kan sayar da mota. Amma a wurinsu ba a tsare namiji da tambaya. Wanda ya yi shiru yana da dalilinsa, in ya nuna zai faɗo da kansa. Ta shiga ita kaɗai, ta watsa ruwa a kan duwatsu, tururin ya tashi bai yi mata daɗi ba. Asabar ta gaba ma haka. Ya fara kwana da safa. Turre kuma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: da Aulis ya zauna sai karen ya zo ya kafa hanci a ƙafarsa ta hagu, a kore shi ya dawo.

Asabar ta uku ta yi wankanta ta fito, ta jira ya shiga, sannan ta bi bayansa. A ɗakin tuɓe kaya ta ga kwalbarta a kan benci, kusa da safarsa. Safar tana da tabo. Ta tura ƙofar ciki.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shigo ki rufe, zafi na fita."

Ta hau benci ta zauna kusa da shi. Itace na ƙara a murhu. Can ya ɗago ƙafar ya ɗora mata a cinya. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami, faɗinsa bai wuce kan cokalin shayi ba, gefensa fari, cikinsa da kewayensa shuɗi saboda man.

"Sandar murhu ce. Na ɗora ƙafa, ban ji ba. Sai da na ga bororo."

"Yaushe?"

"Lokacin tsinkar 'ya'yan itacen daji."

Ta lissafa a ranta, makonni da yawa ke nan. Ta ce, "Aulis, a nuna wa ma'aikaciyar jinya."

"Ba ya ciwo."

"Ai da ma ba ka ji."

"Yana rufewa. Da kin gan shi da farko. Na karanta a waya, man nan yana warkar da rauni, masana ne suka rubuta." Ya watsa ruwa a kan duwatsu, ya jira ƙarar ta lafa. "In suka gani za su kwantar da ni. Kin san yadda suke farawa, kin san inda suke ƙarewa. Turre ya tsufa, bana ce shekararsa ta ƙarshe a daji. Ki bar ni in buɗe farauta da shi, bayan nan in je da ƙafata. Ki yi mini alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba. Har Satu."

Da a ɗakin girki ya faɗi wannan, da ta ɗaga murya har maƙwabta su ji. Amma ya san inda ya zaɓa. Ta dubi ƙafar, ta tuna hannun uwarta da mutanen da suka warke a kan irin wannan benci ba tare da sun ga likita ba, sai wani abu kamar girman kai ya motsa mata. Ta ce a ranta, in ita ke kula da shi, ai da sauƙi.

Ta ce, "Na yi. Amma ni zan riƙa wankewa."

Haka ta shiga cikin maganar da ƙafafunta biyu. Safe da yamma ta dafa ruwa ta bar shi ya huce, ta wanke ramin, ta ɗiga shuɗin man, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Wata rana sai ta ga kamar bakin ya tsuke, ta yini da sauƙin rai. Washegari ta ga kamar ba haka ba. Launin man ya hana ta ganin abin da take nema: ba ta iya cewa ga ja, ga fari, ga inda jini ya tsaya. Komai shuɗi ne. Aulis kuwa yana ta shafa wa bindiga mai, yana fita da kare da safe yana ɗan ɗingishi.

Da Satu ta bugo waya, Raili ta zagaya ta zagaya, ta yi maganar sanyi da ta maƙwabta, sannan ta ce, "Man nan naki, yana yi wa ciwo?"

"Wane irin ciwo?"

"Ciwo dai. In mutum ya ƙone."

"In ya warke ya bar tabo, wasu na shafawa. Amma ba a buɗaɗɗen rauni ba, Mama, ai yana rubuce a jikin kwalin. Na kwalliya ne, ba na asibiti ba. Kin ƙone ne?"

Kwalin tun bazara aka hura wuta da shi. Raili ta dubi Aulis, yana zaune a bakin teburi yana kallonta ta saman tabarau.

"A'a. Tambaya ce kawai."

"Mama."

"Madara na kan wuta. Sai an jima."

Ta ajiye wayar. Ta ce masa a daina shafa man. Ya ce yarinya ce, abin da aka koya mata a kanti take maimaitawa, kuma ya ci gaba da ɗigawa da kansa idan ta ba da baya.

Ranar Asabar za a buɗe farauta, don haka a wannan makon ranar Juma'a suka hura sauna. Aulis bai ci abincin rana ba. Da suka hau benci ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: mutum yana kakkarwa a cikin tururi. Ya ce iska ce ta buge shi a daji. Ta sauko da bokiti da sabulu, ta ja ƙafar zuwa hasken 'yar taga, ta ce yau sai ta wanke man gaba ɗaya ta ga fatar da idonta.

Ta cuɗa diddige, shuɗin ya fita. Ta cuɗa tafin ƙafa, ya bi kumfa ya sauka. Ta zo kan babban yatsa ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake sa sabulu ta cuɗa. Launin yana nan, shuɗi mai duhu kamar an tsoma yatsan a marina, ya ma fara shiga na kusa da shi. Ta kama yatsan a tafin hannunta. A cikin ɗakin da katako ke ƙona mazaunai, yatsan sanyi ƙalau. Saman ƙafar kuwa ya kumbura yana sheƙi, ja ya haura ya wuce idon sawu.

Ta ce a hankali, "Aulis, wannan ba mai ba ne."

"Ya kama fata ne. Jan ƙarfe haka yake."

"Ba ya wankuwa."

"To ki bar shi."

"Yatsan ya mutu. Abin yana hawa."

Ya janye ƙafarsa. Muryarsa ba ta tashi ba, don a sauna suke. "Gobe da jibi kawai. Litinin ki kai ni inda kike so. Kin yi alkawari, Raili, a nan inda kike zaune."

Ta zauna da sabulu a hannu. Alkawari kaya ne, ita kuma tun tana yarinya ba ta taɓa fitar da maganar sauna waje ba. Akwai matan da suka mutu da asirinsu a cikinta. Amma ta ga jan nan, ta kuma san fadamar da zai yini a ciki, cikin takalmin roba. Ba ta ce masa ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ta zubar da ruwan bokitin ta fita.

Da sassafe motar Kauko Pakarinen ta tsaya a ƙofar gida. Kauko shi ne shugaban farauta, tsohon direban bas, kuma a ma'aunin mutanen wurin surutu gare shi. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya shigo da safa.

"Uwargida, ina kwana. Ko akwai abin da zai hana tsoho mutuwa kafin rana ta fito?"

Ta zuba masa kofi, ta turo masa farantin wainar hatsi mai cikin shinkafa da ta gasa. Aulis na zaune a can ƙarshen teburi sanye da jar rigar farauta, fuskarsa ta yi toka-toka, gumi a goshinsa. Turre na ta kai da komo a bakin ƙofa. Kauko ya kai waina baki, idonsa ya sauka ƙarƙashin teburi, ya daina tauna.

"Kai! Takalmi a cikin ɗakin Raili? Ka gaji da duniya ne?"

Aulis ya ce, "Sauri nake."

Raili ta san dalili. Da ƙyar ya cusa kumburarriyar ƙafar tun kafin ta fito daga ɗaki, ya kuma san in ya cire ba za ta sake shiga ba. Ta ajiye butar kofi. Aulis ya ɗago ya kafa mata ido, ita ma shi take kallo lokacin da ta buɗe baki.

"Kauko, ƙafarsa ta hagu ta ruɓe. Yatsa ya yi baƙi, ja ya wuce idon sawu, jiya zazzaɓi ya kwana da shi. Mun ɓoye, ni da shi. Ni na riƙa ɗaure masa."

Faratan kare na ƙara a kan daɓen katako.

Aulis ya miƙe ya dafa teburi. "Mu tafi. Mutane na jira."

Kauko bai motsa ba. Ya kurɓi kofi. "Cire mu gani."

"Ba ruwanka da ƙafata."

"Da ruwana. Ni zan amsa in ka faɗi a tsakiyar fadama. Wa zai ɗauko ka? Mu da kowa ke da sabon ƙugu ko tsohuwar zuciya? Hirvi ma da inji muke jan sa."

"Na fi shekara arba'in ina bin kare a dajin nan, kai kana kan hasumiya kana cin tsire."

"Gaskiya ne. Kuma yau ma zan ci, in ka cire takalmin nan na ga ƙafar mutum a ciki. In ba ka cire ba, ba ka shiga dajina."

Suka tsaya suna kallon juna. Raili ta riƙe bakin murhu da hannu biyu. Ta san mijinta: yana iya ɗaukar bindiga da kare ya bi ta bayan gida ya shiga daji shi kaɗai, babu mai iya tare shi. Ya dubi ƙofa. Ya ɗaga ƙafa zai taka, sai gwiwar ta lanƙwashe, ya koma kan kujera da ƙarfi. Ya sunkuya ya ja takalmin. Bai fita ba. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi.

Kauko ya zare wuƙar da ke ɗamararsa, ya durƙusa da ƙyar, ya tsaga robar daga sama har ƙasa. Wari ya cika ɗakin. Ya zare safar a hankali, ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Duk barkwancinsa ya ƙare.

Aulis ya ce, "Sabon takalmi ne."

"Zan saya maka wani. Uwargida, ɗauko masa magungunansa da riga. Asibitin Joensuu za mu."

Suka bar Turre yana kuka a cikin shinge. Duk tsawon hanya Aulis na gaba yana kallon itatuwa, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Likitar da ta gan su matashiya ce, ba ta kai Satu shekaru ba. Ta taɓa ƙafar nan da can, ta ɗora wani ɗan inji tana neman bugun jini, ta daɗe tana nema. Ta tambayi abin da suke shafawa. Raili ta fito da kwalbar daga jaka ta miƙa, kanta a ƙasa.

Likitar ta ce, "Ni ma ina da irinsa a gaban madubina. Sinadarin ba na banza ba ne, ana ma bincike a kansa game da raunuka. Amma wannan an yi shi ne don fata mai lafiya. Ƙafar nan jini ne ba ya isa gare ta, ƙwayoyin cuta kuma sun shige ciki. Duk abin da aka shafa a sama ba zai kai can ba."

Aulis ya yi magana a karon farko tun daga gida. "Za ku yanke."

"Babban yatsan ya riga ya tafi, Aulis. Abin da ban sani ba tukuna shi ne inda za mu tsaya."

Ta ɗauki alƙalami ta zana layi a fatarsa, daidai inda jan ya tsaya a ƙwauri. Ta ce za su sa masa magani ta jijiya, su yanke abin da ya mutu, su gwada buɗe hanyar jinin da ta toshe. In jan ya ja da baya, ƙafar tasa ce. In ya tsallake layin yana hawa, za su sake zama su yi magana.

Kwanakin da suka biyo baya Raili ba ta san komai a duniya ba sai wannan layin. Takan zo da safe a bas, ta zauna gefen gado, ta jira ma'aikaciyar jinya ta ɗaga bargo. Aulis ya juya fuska bango. Satu ta iso daga Tampere idonta a kumbure, tana cewa da ma ba ta kawo kwalbar ba. Raili ta ce mata, "Ke fuska kika kawo wa. Ni ce na ga ƙafa na yi shiru." Rana ta farko jan yana kan layi. Washegari ya leƙa sama da shi kamar faɗin farce, ma'aikaciyar ta kira likita, suka yi magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, Raili ta fita baranda ta riƙe ƙarfen taga har yatsunta suka sage. Suka canza magani. Suka shiga da shi suka zura siririyar waya ta cinya, suka buɗe jijiyar. Bayan haka, wata safiya da aka ɗaga bargo, sai ga farar fata tsakanin layin da jan. Ba ta da faɗi, amma Raili ta kai hannu ta taɓa. Da ɗumi.

Yatsu biyu suka tafi, babban da na kusa da shi. Sauran ƙafar ta dawo gida tare da mai ita, ranar da ƙanƙarar farko ta sauka.

Bai yi mata magana ba. Mutumin da da ma kalmominsa ba su cika tafin hannu ba a yini, sai wanda ya zauna da shi shekaru zai bambanta shirunsa na yau da na kullum, ita kuwa ta bambanta. Yana amsa wa ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa wanke ciwon, yana amsa wa kare, in ita ta miƙo kofi sai ya karɓa yana kallon taga. Ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ci gaba da girkinta, da yamma ta durƙusa ta duba tsakanin yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mata a asibiti, shi kuma ya miƙo ƙafar kamar ta wani ce.

Wata safiya, bayan an ba shi takalmi mai faɗin baki an ce ya fara takawa, yana tsaye a tsakiyar ɗakin girki ya dafa kujera, ita tana feraye dankali. Ya yi gyaran murya.

"Kin karya alkawari."

"Na karya."

"A gaban Kauko, duk mutanen duniya."

"Shi ne ya zo da mota."

Ya dubi ƙafafunsa. "In wani abu ya sake fitowa fa?"

"Ranar da na gani zan faɗa. Zan faɗa wa ma'aikaciyar jinya, da Satu, da Kauko, har mai kawo jarida. Kada ma ka roƙe ni, ko a ina ne."

Ya saki kujerar. Ya tsaya a kan ƙafa biyu, ya ɗan yi tangaɗi, ya daidaita.

"Miƙo mini sandar nan. Zan je bakin titi in dawo."

Ta miƙa masa, ba ta bi shi ba. Ta tsaya a taga da wuƙa a hannu tana kallonsa yana sauka daga baranda a hankali, yana bin hanyar da aka share, sawunsa na fitowa a kan ƙanƙara, na dama da na hagu.